Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna: Idan Mota Mai Tuƙa Kanta Ta Buge Mutum, Wa Zai Ba Da Shaida?

Mai girma Kakakin Majalisa, masu girma 'yan majalisa, musamman 'yan kwamitin da ke kula da harkar sufuri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Allah Ya yi riƙo da hannayenku, ni mai gyaran wayarin mota ne a Panteka, kafin nan kuma na daɗe ina koyar da lantarkin mota a makarantar koyon sana'a har na ajiye alli. Roƙo ɗaya ya sa na ɗauki biro. Ku yi mana doka tun yanzu wadda za ta ce duk motar da kwamfuta ke da hannu a tuƙinta, in ta yi hatsari a kan titin jihar nan, bayanan da ta naɗa ba mallakin kamfanin da ya ƙera ta ba ne shi kaɗai. Hukuma na da haƙƙin gani, kotu na da haƙƙin gani, iyalan wanda aka buge su ma haka.

Na san abin da wasunku za su ce. Ana fama da ramuka, ana fama da tsadar fetur, wasu fitilun danja sun daɗe da mutuwa, sai wani dattijo ya zo da zancen motar da ba direba? Gaskiya ne, babu tasi maras direba a titin Ahmadu Bello, ba na kuma jin za mu gan ta bana ko baɗi. Inda take tana aiki sosai: kamfanin Waymo ya buɗe ta ga jama'a a birnin Finiks na Amurka tun 2020, Baidu na gudanar da tasa a Wuhan ta ƙasar Sin, ta iso Abu Dabi, har Saudiyya ta gwada ƙaramar bas maras direba a aikin Hajjin 2023. Amma ba ita ce ta hana ni barci ba. Ƙanwarta ce, wadda ta riga ta shigo gari ba wanda ya yi mata iso.

Masu wannan fanni sun kasa tuƙin kwamfuta zuwa matakai shida, daga sifili zuwa biyar. A mataki na biyu mota na iya riƙe sitiyari, ta taka totur, ta taka burki, amma alhakin komai na wuyan direba, dole idonsa na kan hanya. Sai daga na huɗu ne ake cire direba gaba ɗaya. To motocin mataki na ɗaya da na biyu suna nan cike da Kaduna. Yawancin Toyota da Honda da Lexus na shekarun baya-bayan nan da ake kawowa na hannu daga Amurka suna ɗauke da kyamara a bayan gilashin gaba da rada, wato na'urar da ke auna tazarar abin da ke gaba, a cikin bamba. Su ne suke sa mota ta ja burki da kanta in ta hangi abu, ko ta ja sitiyari in tana barin layi.

Ga yadda suke iso mana. Da yawansu motocin hatsari ne da aka saya a gwanjo. Mai bugun jiki ya miƙe gaba, mai fenti ya fesa, a sa sabon gilashi, a ɗaura bamba. Radar nan ana mayar da ita ne bisa kintace, wani lokaci da wayar ɗauri ko ɗan gam. A ƙa'ida, in an sauya gilashin gaba ko an taɓa bamba sai an sake daidaita kyamara da rada, a fili mai shafaffen daɓe, da allunan awo a tazarar da kamfani ya ƙayyade, domin ɗan karkacewa kaɗan a nan kan zama kuskuren mitoci a can gaba. Garejin da ke da kayan wannan aiki a garin nan ba su da yawa. Abin da aka fi yi shi ne mai mota ya zo ya ce fitilar gargaɗi ta dame shi a dashbod, a kashe masa ita. Wani ya jona na'ura ya goge, wani ma ya liƙe fitilar da baƙin salatif ta ciki. Sana'ata ce, ba zan rufa mata asiri a gabanku ba. Motar nan kuma gobe tana kan hanyar Abuja da gudun 120, da tirela a bayanta, tana iya cin burki saboda inuwar gada.

In hakan ta faru, me ake yi? Jama'a su taru, a kwashi na kwasa zuwa asibiti, jami'an FRSC su rubuta gudun wuce sa'a ko ƙwacewar mota, a yi jana'iza kafin la'asar, dangi su ce sun yafe, Allah Ya kiyaye na gaba. Alhali a cikin motar akwai shaidar da ba a tambaya ba. Ƙwaƙwalwar mota, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa jakar iska, tana naɗe kimanin daƙiƙu biyar na ƙarshe kafin karo: gudun mota, ko an taka burki, ko ƙafa na kan totur, ko an ɗaura bel. Tarayyar Turai ta wajabta wannan na'ura a kan duk sabuwar ƙaramar mota tun watan Yulin 2024. A nan, ƙwaƙwalwar takan ƙare ne a kan teburin mai sayar da kayan gyara, a sayar wa wani da shaidar a cikinta. Na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi, amma yafiya haƙƙin iyali ce, bincike kuwa haƙƙin wanda zai bi hanyar gobe ne, ba kuma wanda ya isa ya yafe masa.

Bari in kawo muku abin da ya faru a inda aka riga mu, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge wata mata mai shekara 49 da ke tura keke tana tsallaka titi, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta karɓi bayanan motar ta bi su daki-daki, ta fitar da rahoto a Nuwamban 2019. Abin da ta gano shi ne motar ta hangi matar tun daƙiƙa 5.6 kafin karo. Lokaci ne mai yawa, ya ishi direba mai hankali ya tsaya. Amma kwamfutar ta yi ta canza shawara, yanzu ta ce mota ce, anjima ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, can kuma ta ce keke ne, duk sa'ad da ta canza sai ta manta inda abin ya fito da inda ya nufa. Dalili kuwa, waɗanda suka tsara ta ba su koya mata cewa mutum na iya tsallaka titi a inda ba a zana masa wurin tsallakawa ba. Kamfanin ya kuma kashe burkin gaggawa na asali da Volvo ta sa wa motar. Wadda aka zaunar a kujerar direba don ta sa ido, hankalinta na kan waya.

Masu girma, ku dubi wannan da idon mutumin Kaduna. Motar da ba ta san mutum na tsallaka titi a ko'ina ba, a sake ta a bakin kasuwar Gumi da yamma, ko a ƙasan gadar Kawo, ko a Rigasa lokacin tashin 'yan makaranta! Sannan ku lura da wanda igiya ta tsinke a kansa: ba a gurfanar da kamfanin da laifin kisa ba, ma'aikaciyar ce ta amsa laifi a kotu a 2023. Da ba don wata hukuma mai zaman kanta ta sa hannu a kan bayanan ba, da labarin da duniya za ta ji shi ne wata mata ta faɗo titi cikin duhu, shi ke nan.

Na biyun ya fi wannan muni ta fuskar amana. Ranar 2 ga Oktoba 2023 a San Faransisko ta jihar Kalifoniya, wani direba ya buge wata mata ya gudu, ta faɗa gaban tasi maras direba ta kamfanin Cruise, mallakin General Motors. Tasin ta taka burki amma ta hau kanta. Har nan ana iya cewa ba laifinta ba ne. Sai dai kwamfutar ba ta gane akwai mutum a ƙarƙashinta ba, ta tashi za ta gyara tsayuwa a gefen titi, ta ja matar kimanin mita shida. Wannan ɓangare na jan shi ne kamfanin bai bayyana wa hukumomi yadda ya kamata ba. Hukumar kula da motoci ta Kalifoniya ta dakatar da lasinsa ranar 24 ga watan, tana mai cewa an ɓoye mata cikakken hoton bidiyon. A 2024 hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 1.5, daga baya ya amsa cewa rahoton da ya miƙa ba gaskiya ba ne ya biya wata tarar dala 500,000, kafin ƙarshen shekarar General Motors ta janye kuɗinta daga harkar. Wannan fa a ƙasar da doka ta tilasta kai rahoto tun 2021, inda 'yan jarida da lauyoyi ke sa ido. Ina ga inda babu dokar ko kaɗan?

Na ukun shi ya fi kama da halin da muke ciki, domin motar mataki na biyu ce, da direba a ciki. A 2019 a jihar Fulorida wata Tesla da ke tafiya da tsarinta na taimakon tuƙi mai suna Autopilot ta wuce mahaɗar hanya ta afka wa mutum biyu da ke tsaye kusa da motarsu, budurwa mai shekara 22 ta rasu. Direban ya ce wayarsa ce ta faɗi ya sunkuya. Shekaru ana neman bayanan da motar ta naɗa, kamfanin na cewa ba ya da su, har sai da lauyoyin iyalan suka nemo wani gwanin kwamfuta ya ciro su daga ƙwaƙwalwar motar. A watan Agustan 2025 masu taimaka wa alƙali suka ɗora wa Tesla kaso ɗaya cikin uku na laifin, da diyyar da ta haura dala miliyan 240. Kamfanin ya musanta cewa da gangan ya ɓoye, ya ce zai ɗaukaka ƙara. Ko ma yaya ta ƙare, tambayata ita ce: wane iyali a Tudun Wada ko Kakuri ke da ƙarfin yin shari'ar shekara da shekaru da hayar gwani?

Kada a ɗauka gaba nake yi da wannan fasaha. Wanda ya taɓa tsayawa a Maraban Jos ko Tafa ya ga abin da barci da ƙwaya da gaggawa ke sa direbobi yi, ba zai raina direban da ba ya gyangyaɗi ba. Alƙaluman FRSC na nuna sama da mutum 5,000 ke mutuwa a hanyoyin ƙasar nan kowace shekara, waɗanda aka rubuta ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ne a duniya, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta. Waymo na wallafa bayanan haɗurranta, nazarin da ta yi da kamfanin inshora na Swiss Re ya nuna motocinta sun fi na mutane ƙarancin jawo biyan diyya nesa ba kusa ba. Madalla. Amma a titunan Finiks da San Faransisko aka tara waɗannan alƙaluma, inda layi ke zane raɗau. Ba a gwada ta cikin hazon hunturu da ke rufe hanyar Zariya ba. Ba ta taɓa haɗuwa da Keke Napep ɗauke da rodi ya zarce ta baya da mita biyu ba, ko ɗan garuwa da kurarsa yana bin hannun da ba nasa ba, ko garken shanu a baifas, ko sahun masallata da ya rufe titi ranar Juma'a a masallacin Sultan Bello. Ba ta san jami'in KASTLEA na iya ɗaga hannu ya ce a wuce alhali danja ta nuna ja ba. Kwamfuta abin da aka nuna mata take ganewa, an kuma yi nazari a wata jami'ar fasaha ta jihar Jojiya a 2019 da ya gano irin waɗannan manhajoji sun fi kuskure wajen gane masu duhun fata. Mutum cikin babbar riga ko mace cikin dogon hijabi, da ba a ganin motsin ƙafarsu, a me za ta ɗauke su? Ba kamfanin da zai amsa mana wannan da takardar talla. Sai da bayanan da aka tara a nan, aka kuma buɗe wa wanda ba ma'aikacin kamfanin ba.

Abin koyi na nan kusa, a harkar jiragen sama. In jirgi ya faɗi, ba kamfanin jirgin ke ɗauke baƙin akwati ya kai ofishinsa ba. Masu bincike ne ke ɗauka, su fitar da rahoto a fili, sauran kamfanoni su gyara nasu kafin abin ya same su. Shi ya sa jirgi ya zama mafi aminci cikin ababen hawa. Nijeriya ta san wannan tsari, dokar 2022 ma ta faɗaɗa aikin hukumar binciken, wadda yanzu ake kira NSIB, ya wuce na jiragen sama kaɗai. A harkar motoci masu tuƙa kansu kuwa, kowane kamfani na ƙanƙame da bayanansa yana cewa sirrin kasuwanci ne. Kuskuren da ya kashe mutum a motar wannan kamfani, sai na gaba ya sake gano shi da ran wani. Barin bayanan hatsari a hannun wanda ake tuhuma daidai yake da bai wa kura ajiyar nama.

To me nake roƙo? Na san shigo da motoci da ƙa'idar ingancinsu na hannun tarayya, wurin kwastam da hukumar kula da ingancin kaya ta SON da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC. Amma rajistar mota da duba lafiyarta da izinin haya a titunan jiha naku ne, a nan kuma za ku iya sa hannu.

Abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar jiran kowace sabuwar mota: duk hatsarin da aka yi asarar rai, a killace ƙwaƙwalwar motar kafin a sake ta ga mai ita ko a kai ta gareji. A saya wa sashen binciken haɗurra na'urar karanta ta, a horar da mutanen da za su iya tsayawa a kotu su yi bayani. Muna da Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT a Zariya, muna da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, garin da ke harhaɗa Peugeot tun 1975 bai rasa masu wannan ilimi ba. A kuma sa duba kyamara da rada cikin abin da ake dubawa kafin a ba mota takardar lafiya. Mu masu gareji za mu yi ƙorafi da farko, daga baya mu sayi kayan aikin, domin kuɗi ne a gare mu.

Sai babban roƙon. Ranar da wani kamfani zai zo gidan gwamnati na Sir Kashim da hotuna masu ƙyalli yana neman izinin gwaji, zai zo kuwa, domin ƙasar da ba ta da doka ta fi arhar gwaji, ya tarar da sharuɗɗa a rubuce. Duk karo, babba ko ƙarami, a kai rahoto cikin kwanaki ƙayyadaddu, da bidiyon gaba ɗayansa, daga kafin karo har zuwa tsayawar mota ta ƙarshe, ba yankakke ba. Kalifoniya na ba da kwana goma, tana kuma sa rahotannin inda kowa zai karanta. A haɗa da waɗanda aka tsallake rijiya da baya, wato duk lokacin da mutum ya ƙwace sitiyari daga hannun kwamfuta, domin a nan ne ake ganin hatsarin gobe. A ajiye kwafin bayanan a cikin ƙasar nan, inda sammacin kotunmu zai iya kaiwa. Kamfanin da aka kama ya ɓoye ko ya goge, izininsa ya faɗi nan take, kotu kuma ta ɗauki abin da ya ɓoye a matsayin hujja a kansa. A kuma fayyace wanda zai biya diyya. Birtaniya ta yi doka a 2024 da ta ɗauke alhaki daga kan wanda ke zaune a mota ta mayar kan kamfani muddin motar ce ke tuƙa kanta. Inshorar naira 15,000 da muke yanka don 'yan sanda su bar mu mu wuce ba za ta ɗauki wannan nauyi ba.

A hana kuma dillalai faɗar abin da ba haka ba. Ka je wurin sayar da motoci ka ji yaro na ce wa alhaji wannan da kanta take tuƙi, saki sitiyari ka gani. Bayan hatsarin wata motar Xiaomi da ya kashe 'yan mata uku a watan Maris 2025, hukumomin Sin sun hana kamfanoni tallata irin wannan tsari da sunan tuƙin kai.

Akwai gefe na biyu, zan kuma yi muku gargaɗi a kansa da babbar murya, domin in aka ce a buɗe bayanai ba a nufin a buɗe kowane iri. Motar nan kyamarori ne ke kewaye da ita, tana ɗaukar fuskar duk wanda ta wuce, da ƙofar gidan da ta tsaya, da lokacin da mai ita ke fita da hanyar da yake bi. A 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa wasu ma'aikatan Tesla sun riƙa tura wa juna hotunan da motocin mutane suka ɗauka, har na cikin gidaje. Sin ta hana motocin kamfanin shiga barikokin soja a 2021, ta kuma sa ya ajiye bayanan 'yan ƙasarta a cikin gida. Kaduna gari ne na NDA da Runduna ta Ɗaya da sansanin sojan sama da masana'antar ƙera makamai ta DICON. Gari ne kuma da ya sha wuyar masu garkuwa da mutane. Bayanin da ke nuna wane alhaji na bin hanyar Abuja kowace Litinin da asuba, in ya faɗa hannun da bai dace ba, ba sai na faɗa muku sauran ba. Saboda haka a raba biyu tun a cikin dokar. Abin da ya shafi yadda mota ta yi, a buɗe wa masu bincike, a wallafa shi bayan an shafe fuskoki da lambobin mota. Abin da ya shafi wane ne ya je ina, a kulle, ba mai taɓawa sai da umarnin alƙali, ko da jami'in gwamnati ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta aza harsashi, naku shi ne ku ɗora ginin da ya dace da mota.

Kafin ku rubuta komai, ku kira zaman jin ra'ayin jama'a a Lugard Hall. Kada a cika zauren da masu kwat kaɗai. A gayyato FRSC da KASTLEA da NSIB da hukumar kare bayanai, amma a ba shugabannin direbobi na tashar Kawo da Mando kujera, da 'yan Keke Napep, da ƙungiyar makafi da guragu waɗanda titi ya fi cutarwa, da likitocin sashen gaggawa da ke karɓar waɗanda aka kwaso. Mu ma na Panteka a kira mu. Za mu zo da ƙwaƙwalwar mota guda da aka ciro daga motar hatsari, in an samo na'urar a jona ta a gabanku, ku karanta da idonku abin da ta rubuta.

Allah Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai gyaran wayarin mota,
Panteka, Kaduna.